Targaɗe ba karaya ba ne: yadda mai rauni zai ci gaba da motsa jiki

Ranar wata Lahadi da sassafe, a filin ƙasa na unguwarmu a Garwa, arewacin Kamaru, inda mu da shekaru suka fara ja muke haɗuwa buga ƙwallon da ake kira dezero, na yi tsalle zan sa kai, na sauko a kan ƙafar abokin wasa. Idon sawuna na dama ya lanƙwashe ciki. Kafin ɗan moto ya sauke ni a ƙofar gida wurin ya yi suntum, kamar an cusa lemo cikin safa. Mako biyu na yi a kan katifa ina latsa waya, masu dubiya na cewa "ya jiki?" ina cewa "da sauƙi", alhali raina a jagule yake. A mako na uku haushi ya ɗebe ni, na naɗe ƙafar da tsumma na koma fili. Ko minti 10 ban yi ba na sake murɗe ta. Ciwon da wata ɗaya ya isa ya sallame ni, sai da ya ci mini kusan wata huɗu.

Kuskure biyu na tafka a jere, kuma su nake ganin yara da manya na maimaitawa: ko dai mutum ya kwanta gaba ɗaya kamar wanda aka yi wa tiyata, ko ya cije ya koma da ƙarfin tsiya. Abin da na koya daga baya a hannun kine, wato ma'aikacin gashin ƙashi na asibiti, shi ne hutun na gaɓar da ta ji ciwo ne kaɗai, ita ma na 'yan kwanaki, daga nan a riƙa ɗora mata aiki da awo. Sauran jiki kuwa babu wanda ya ba shi hutu. Ga yadda ake bi.

Mataki na farko: san abin da ya same ka

A bakinmu kusan komai targaɗe ne ko ciwon jijiya, amma a cikin jiki abubuwan sun sha bamban. Tsoka jini na ratsa ta sosai, shi ya sa ƙaramar yagewarta kan warke cikin mako 2 zuwa 3. Igiyoyin da ke ɗaure ƙashi da ƙashi a gaɓa su ne ke miƙewa ko yagewa in an yi targaɗe: ƙarami a idon sawu kan ɗauki mako 1 zuwa 3, matsakaici mako 3 zuwa 6, babba ya kai watanni. Irin su agara, masu haɗa tsoka da ƙashi, ciwonsu naci gare shi, sai a yi wata 3 ko fiye ana lallaɓawa. Karayar ƙashi a jikin babba kan nemi mako 6 zuwa 12.

Game da idon sawu, likitoci a birnin Ottawa na Kanada sun fitar da wani gwaji mai sauƙi a 1992 wanda har yau ake aiki da shi. In ka kasa taka ƙafar taku huɗu ko da ɗingishi, ko aka danna bayan ƙashin idon sawu na ciki ko na waje ka ji zafin a kan ƙashin kansa, ko zafin na tsakiyar gefen ƙafa na waje inda ƙashin ƙaramin yatsa ya samo tushe, to a je a ɗauki hoton ƙashi, wanda muke ce wa radiyo. Haka nan babu zaman jira in gaɓa ta karkace, ko ka ji ƙara "ɗas" a gwiwa sannan ta kumbura cikin awa biyu, ko gwiwar na kullewa ko zillewa, ko ka bugu a ka har da amai ko ruɗewa, ko ciwon baya ya zo da kasa riƙe fitsari.

Ba na raina maɗora. A ƙauyuka da yawa su ne na kusa, wasunsu kuma gadon iyaye da kakanni suke riƙe da shi. Sai dai hannu ba ya ganin cikin ƙashi, don haka a fara da hoto. Kuma ko wane ne ya yi ɗaurin, in yatsu suka kumbura, suka yi sanyi, suka sauya launi, ko zafi ya wuce misali, a sassauta nan take a nufi asibiti. Ɗauri mai tsanani yana tsayar da jini, ta nan ake rasa hannu ko ƙafa.

Mataki na biyu: kwana uku na farko

Aikin waɗannan kwanaki kaɗan ne: kare wurin daga sake murɗewa, ɗaga shi sama da ƙirji in kana kwance, naɗe shi da bandeji mai talewa daga wajen yatsu zuwa sama, ba tamau ba. Sandar dogarawa ba abin kunya ba ce. Ta fi ɗingishin da zai jawo maka ciwon ƙugu.

Ƙanƙara tana rage raɗaɗi. A naɗe ta a kyalle, a ɗora minti 10 zuwa 15, kada ta taɓa fata kai-tsaye. In babu wuta kuma mai ƙanƙara bai samu ba, tsumma da ruwan randa ya wadatar, kada ka tayar da hankali. Gabe Mirkin, likitan Amurka da ya yaɗa dokar hutu da ƙanƙara da ɗauri da ɗagawa a 1978, shi da kansa ya rubuta a 2014 cewa yawan ƙanƙara da dogon hutu na iya jinkirta warkewa. Abin da za a guje wa a kwanakin nan shi ne abin da gida zai fara kawo maka da kyakkyawar niyya: gashi da ruwan zafi, man zafi, murza mai ƙarfi, ƙaho. Duk suna ƙara kumburi a sabon rauni. Lokacinsu na zuwa, in ma za a yi.

Maganin ciwo kuwa, farasitamol ya isa mafi yawan mutane, kuma babba kada ya wuce giram 4 a yini. Ibufurofen da diklofenak suna cin ciki, suna wahalar da ƙoda, balle a zafin Garwa ko Njamena da jiki ke ƙarancin ruwa. Mai gyambon ciki ko hawan jini ya tambayi likita kafin ya sha. Tiramol kuma, wanda duk mun san ɓarnar da ya yi wa matasa a arewacin Kamaru da Chadi, kada ka saya a tebur. Ban da kamun da yake yi, yana toshe maka ma'aunin da za ka dogara da shi a mataki na gaba. Wanda ya sha ƙwaya don ya iya buga wasa, ya kashe fitila ne ya shiga daji.

Mataki na uku: koyi auna ciwo

Wannan shi ne ƙashin bayan komai, shi ne kuma abin da ban sani ba ranar da na koma fili da tsumma. Ranar farko da na je wurin kine ya ce mini, "Malam, in 0 babu ciwo, 10 kuma ciwon da ba ka taɓa jin irinsa ba, yanzu kana nawa?" Na yi dariya, na ɗauka wasan yara ne. Ashe da wannan lissafi ake tuƙa jinya gaba ɗaya.

Ga yadda yake. Duk motsin da ka yi, in ciwon bai wuce 3 ba, ci gaba. In ya kai 4 ko 5, ka zo iyaka, kada ka ƙara nauyi ko lokaci. In ya haura 5, ko ya zo kamar suka, ko ya sa ka sauya yadda kake takawa, tsaya. Amma hukuncin gaskiya ba a lokacin motsin ake yanke shi ba, sai washegari da asuba, takun farko da ka yi daga shimfiɗa zuwa buta. In ciwo da kumburi da sanƙarewa sun koma yadda suke jiya da safe, aikin jiya ya yi daidai. In sun ƙaru, ka zarce. Ka huta yini ɗaya, ka koma da rabin abin da ka yi. Jiki magayi ne, sai dai jawabinsa kan makara da kwana ɗaya.

Nemi ƙaramin littafi irin na 'yan makaranta. Kowace rana layi ɗaya: abin da ka yi, minti nawa, lambar ciwo lokacin yi, lambar ciwo da asuba. Kada ka ƙara abu biyu a rana ɗaya. In yau ka ƙara nisa, bar sauri yadda yake. In ka ƙara sauri, bar nisa. Ta haka in ciwo ya tashi ka san wanda ya tashe shi.

Wannan awo na targaɗe ne da ciwon tsoka da na agara. Wanda ke da karaya, ko aka yi wa tiyata, ko aka sa wa siminti, umarnin likitansa ne a gaba: in an ce kada a taka har mako 6, to ba a takawa, ko da lambar ciwo 0 ce.

Mataki na huɗu: ba sauran jiki aikinsa

Ƙarfin numfashi kan fara raguwa cikin mako 2 zuwa 4 da barin motsa jiki, tsokar da aka ɗaure kuma tun a makon farko take fara motsewa. Abin daɗin shi ne riƙe abin da ka tara ya fi tara shi sauƙi nesa ba kusa ba. Wani bincike da Robert Hickson ya yi a Amurka a 1981 ya nuna mutanen da suka rage atisaye daga kwana 6 a mako zuwa kwana 2 sun riƙe ƙarfin numfashinsu har mako 15, muddin ba su rage zafin atisayen ba. Wato ba sai ka yi da yawa ba, amma ɗan abin da za ka yi ya sa ka haki.

Kayan aiki suna nan cikin gida. Jarkar lita 5 cike da ruwa kilo 5 ce, da yashi ta fi haka. Tsohuwar robar cikin tayar keke daga wurin mai faci, in an yanka ta tsaye, ta zama robar ja. Sai tabarma, kujera mai ƙwari, da bango.

In ciwon a ƙafa yake, zauna a kujera ka ɗaga jarka sama da kai, ka ɗaure roba a ƙarfen taga ka riƙa jan ta zuwa ƙirji, ka yi pom a kan gwiwoyi, wato ka kifa ciki kana tura jiki sama da hannuwa, ka yi abdo a tabarma, wato atisayen tsokar ciki. Don haki, yi dambe da iska a zaune: daƙiƙa 30 da iya ƙarfinka, daƙiƙa 30 hutu, sau 10. Kafin ka gama za ka jiƙe sharkaf. In idon sawu ya fara yarda, keke ya fi tafiya sauƙi a gare shi, musamman keken girke na gidan motsa jiki; a kan titi kuwa ka guji yashi da cunkoson 'yan moto, inda za a tilasta maka dira ƙafa ba shiri. In ciwon a kafaɗa ko hannu yake, ƙafafu sun samu rabonsu: tafiya da sauri, zauna-tashi daga kujera, hawa da sauka a dakali, jingina da bango kamar mai zama a kujerar da babu. Mai ciwon baya na yau da kullum, kwanciya ita ce babbar abokiyar gabarsa. Ya yi tafiyar minti 10 sau uku a yini, ya fi ya yi minti 30 a tashi ɗaya.

Akwai wani abin mamaki da masana suka gano tun 1894 a jami'ar Yale: in ka horar da hannu ɗaya, ɗayan ma yana samun ƙarin ƙarfi ko da bai motsa ba, domin ƙwaƙwalwa ce ke koyon aikin. Saboda haka kada ka ce za ka bar lafiyayyar ƙafa ta jira 'yar'uwarta don adalci. Horar da ita da kyau, mai ciwon na cin arziki.

Hukumar Lafiya ta Duniya a 2020 ta ba manya shawarar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, da aikin ƙarfafa tsoka kwana 2. Mai rauni ya sa ido a kan ƙasan wannan: minti 30, kwana 5, biyu daga ciki har da jarka da roba. 'Yar'uwa da ba ta fita fili, tsakar gida ta ishe ki duk wannan, kuma daka da ɗiban ruwa da shara suna cikin lissafi. Sai dai in kafaɗa ce ko wuyan hannu ke ciwo, a ba wani taɓarya tukuna. Mai hawan jini kada ya riƙe numfashi yayin ɗaga nauyi. Mai ciwon suga ko sikila ya shawarci likitansa kafin ya fara.

Lokaci ma abin lura ne. A Maris da Afrilu zafin Garwa da Marwa kan haura digiri 40, don haka bayan sallar asuba ko bayan magariba. A hunturu jiki kan sanƙare, ka tsawaita ɗumama jiki zuwa minti 10. Da azumi, awa ɗaya ko biyu bayan shan ruwa. Za ka ji ana cewa iyo ya fi komai ga mai rauni, kuma haka ne, amma a wurin wanka mai tsabta. Binuwai da Logon da Shari akwai tsargiya, ga dorinar ruwa a wasu wuraren. Ba a zuwa neman sauƙin ƙafa a dawo da fitsarin jini.

Abu ɗaya da mai ɗauri ko mai doguwar kwanciya zai sa wa ido: in sharaɓa ta kumbura, ta yi zafi, ta yi tauri, ko numfashi ya sarƙe ba dalili, gudan jini ne mai yiwuwa. Asibiti a ranar, kuma kada a murza.

Mataki na biyar: koma kan gaɓar da kanta

Zan yi misali da idon sawu, tunda shi na fi sani kuma shi ya fi kama 'yan ƙwallo. Daga kwana na 3 ko na 4, zauna ka miƙe ƙafa, ka rubuta haruffa a iska da babban yatsa, alif zuwa ya ko A zuwa Z, sau uku a yini. Ka fara takawa gwargwadon yadda awo ya yarda. Cikin mako na biyu ka sa roba a ƙafa ka tura ƙasa, ka ja sama, ka tura waje, ka tura ciki, kowanne sau 15, zagaye uku. Turawa waje ita ce ta fi muhimmanci, don tsokokin gefen ƙwauri su ke tare ƙafa in za ta lanƙwashe.

Daga nan sai ɗaga diddige a tsaye, hannu a bango: da ƙafa biyu har ka iya 20 cikin sauƙi, sannan ka hau da biyu ka sauko da ɗaya, sannan da ɗaya zalla. Sai kuma abin da kowa ke rainawa, tsayuwa da ƙafa ɗaya. Targaɗe na lalata 'yan jijiyoyin da ke gaya wa ƙwaƙwalwa inda ƙafa take, shi ya sa wanda ya taɓa yi ya fi kowa saurin sakewa. Tsaya daƙiƙa 30 ido buɗe, in ta zauna ka rufe ido, in ta zauna ka hau matashi ko katifa, in ta zauna wani yaro ya riƙa jefo maka ƙwallo kana caɓewa. Ni na ɗaura shi da goge baki da asuwaki, don kada in manta.

Tafiya kuma masallaci ya auna mini ita. Da farko masallacin unguwa, salla ɗaya a yini da ƙafa. Bayan kwana uku ba ƙorafin asuba, salla biyu. A hankali har biyar, sannan masallacin Juma'a. Nisa ne da ba ya sauyawa, lokaci ne da ba ka ƙirƙira ba, ga jama'a.

Tunda an zo nan: tsugunno da zaman tahiya su ne na ƙarshe da gwiwa da idon sawu ke yarda da su. Addini ya ba da sauƙi, wanda bai iya tsayuwa ba ya yi a zaune, kuma ana shafa a kan ɗauri wajen alwala. Tambayi limaminku yadda ake yi. Kada kunyar a gan ka a kujera ta sa ka naɗe ƙafar da ba ta shirya ba sau biyar a yini. Ban-ɗakin tsuguno ma haka, a nemi kujera mai huda ko abin riƙewa.

Ciki da barci

Mutane kan rage ci don tsoron ƙiba, sai su hana jiki kayan gini. Abin da za a rage shi ne lemon kwalba da shayi mai sukari a kai a kai. Abin da za a ƙara shi ne abinci mai gina jiki, kamar giram 1.6 na sinadarin furotin a kowane kilo na nauyinka, wato wajen giram 110 a yini ga mai kilo 70. Ƙwai ɗaya na da kimanin giram 6. Wake, awara, gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kindirmo, kifin Lagdo, ɗan kilishi in aljihu ya yarda, a rarraba su safe da rana da dare. Taba na jinkirta haɗewar ƙashi, wannan tabbas ne. Barci awa 7 zuwa 9.

Mataki na shida: zuciya

Sai da na kwanta na gane ba gudu kaɗai na rasa ba. Na rasa tashin asubar Lahadi, da tsokanar abokai, da shayin bayan wasa, da sunan da ake kira na da shi a fili. Mai rauni kan ɗauka ƙafa ce ke damunsa, alhali rabin damuwar kaɗaici ne. Maganinsa kuma mai arha ne: je filin. Hau moto ka je da sandarka, ka riƙe usur, ka ƙirga lokaci, ka kula da jarkar ruwa, ka yi naka atisayen a gefe lokacin da suke nasu. Makon farko zai yi maka ciwo ganin ana gudu. Daga na biyu za ka tarar kana jiran Lahadi kamar da.

Sannan a raba buri gida-gida. "Ina so in koma ƙwallo" nisa gare shi, kullum ka duba sai ka ga ba ka kai ba. "Kafin Juma'a in ɗaga diddige sau 12 da ƙafa ɗaya" kuwa abu ne da za ka cim masa ka ji daɗi. A nan littafin nan ke biyan kuɗinsa. Warkewa ba ta tafiya a miƙe, akwai makon da za ka ga kamar ka koma baya, ranka ya ɓaci. Buɗe shafin mako uku da suka wuce, ka ga inda ka rubuta cewa zuwa ƙofar gida lamba 5 ne. Ƙwaƙwalwa mantuwa gare ta, takarda ba ta da ita.

Za ka sha magana. Innata ta ce, "Kai da iyali, me ya kai ka tsalle-tsalle?" Wani dattijo a majalisa ya ce, "Malam, girma ya zo, a haƙura haka nan." Ƙannenmu na fili kuma kullum, "Yaya, yaushe za ka dawo? Ɗaure ta kawai." Duk ƙauna ce, amma ba ɗayansu da zai taka ƙafar da asuba. Ka amsa da "in sha Allahu", ka bi littafinka. "Allah ya sa kaffara ne" da masu dubiya ke faɗa kuwa na same ta da sanyaya rai fiye da yadda na zata, muddin mutum ya ɗaure raƙuminsa, wato ya yi atisayen yau.

Duk ɗan Garwa ya san ɗan ƙwallon Kamaru Vincent Aboubakar, wanda ya taso a kulob ɗin Coton Sport na garin. A Satumbar 2018, yana kulob ɗin Porto, babbar igiyar cikin gwiwarsa ta tsinke, aka yi masa tiyata, kusan kakar wasa guda ta wuce shi. A gasar cin kofin Afirka da Kamaru ta karɓi baƙunci a farkon 2022, wadda filin Rumde Ajiya na Garwa ya ga wasu wasanninta, shi ya fi kowa zura ƙwallo da 8, a ƙarshen shekarar kuma ya ci Brazil a Katar. Abin da nake so yaranmu su lura da shi shi ne watannin da ke tsakani. Mutumin da ke da likitoci da kayan aiki na duniya bai tsallake su ba; irin wannan rauni a kan nemi wata 9 ko fiye kafin a koma gasa. To ina ga mai jarka da robar keke da ke son komawa a mako na uku saboda gasar hutu ta matso?

In baƙin ciki ya zarce mako biyu, barci ya ƙi, abinci ya fita kai, komai ya daina ba ka sha'awa, ko ka fara neman ƙwaya don mantuwa, wannan ya wuce haushin rauni. Gaya wa likita kamar yadda ka gaya masa ƙafa, ka gaya wa wani naka da ka yarda da shi.

Mataki na ƙarshe: komawa

Kalanda ba ta sallama, gwaji ke sallama. Kafin sassarfa: tafiyar minti 30 da sauri ba ciwo ba ɗingishi, ɗaga diddige sau 20 da ƙafa mai ciwo, tsalle 10 a kanta a wuri ɗaya, kuma asuba ta wanke ka. Sassarfar farko minti 1 gudu, minti 2 tafiya, sau 6 zuwa 8, a ƙasa mai laushi marar ramuka, yini ɗaya a tsallake ɗaya. In gudu a miƙe ya kai minti 20, sai zagaye mai siffar 8, sai yanke kwana, sai tsayawa kwatsam, sai taɓa ƙwallo kai kaɗai, sai atisaye da mutane ba gwabzawa. Tsoron sake murɗewa zai zo, kuma waɗannan matakai su ne ke cinye shi. Sa abin ɗaure idon sawu a watannin farko, kuma tsayuwa da ƙafa ɗaya ta zauna cikin ɗumama jikinka, don tana rage yiwuwar maimaituwa.

Ranar da na koma dezero na gaya wa mai usur tun kafin a fara cewa minti 15 zan yi. Da suka cika muna bin ci ɗaya, ƙafar kuma shiru, yara na ihu "Yaya, ƙarasa mana!" Na fita na zauna kusa da jarkar ruwa. Washegari da asuba na sauko daga gado, na taka zuwa buta, na dawo na rubuta 1. Lahadi ta gaba na yi minti 25.